Turken Akuya

Tsagar ta faro kamar zaren gizo,
daga gindin taga, a bangon gabas.
Na shafe ta da siminti, na manta.
Da bazara ta dawo, ta ƙara faɗi,
har makullin babur ya shige ya juya.
Ƙofar ɗaki ta koyi gardama,
sai an sa mata kafaɗa take rufuwa.

Gidanmu na Bakura, bakin fadama,
inda laka ke da baƙin bayan tukunya.
Da damina ta cafke takalmi ta hana tafiya,
da rani ta dare, ta wage baki,
har ɗan tsako ya faɗa, a ji kukansa daga ƙasa.
A kan wannan Baba ya aza harsashi,
da kuɗin shinkafar shekara uku.

Kuma shi ne, da hannunsa,
ya kafa ɗanyen reshen cediya
taku huɗu daga bango, don ɗaure akuya.
Akuyar an daɗe da shan romonta.
Turken ya ƙi mutuwa.
Ya yi ganye, ya yi inuwa, ya tara tsuntsaye.
Nan Inna Tumba ke tsince tsakuwar shinkafa,
nan aka raɗa mini suna,
nan aka jera sahu aka sallaci Baba.

Ran Laraba magini Nomau ya zo da diga.
Ya tona, ya tona, har ramin ya kai masa ƙugu,
sai ga ta kwance:
saiwa, kaurin cinyar ɗan dambe,
ta ratsa ƙarƙashin ɗakin Inna shiru,
ta nufi inda randa ke ɗiga.
Shekara nawa muna barci a kanta?

Ƙanena Kakale ya ɗauko gatari.
Nomau ya share zufa, ya ce, "Aje.
Wanga icce bai ture maku bango ba,
ruwa ya sha.
Laka ta motse, gini ya bi ta ƙasa.
In kun kashe shi yau,
wa zai shanye ruwan baɗi?
Laka ta ƙoshi, ta kumbura
kamar ƙullin waina da ya kwana,
ta ɗaga ɗakin ta karya shi ta wani gefen."

Muka yi shiru.
Ashe mai cin gidan shi ke riƙe da shi.
Inna ta ce daga bakin ƙofa,
"Ku raba su dai, kada ku kashe kowa."

Aka haƙa rami tsakanin bango da bishiya,
aka datse saiwa uku, suna zubar da farin jini,
aka cika da dutse da kankare.
Aka rage mata rassa.
Nomau ya liƙa guntun gilashi a kan tsagar,
ya ce, "Ran da ya fashe, ku aiko."

Cediya ta yi fushi wata biyu,
ta zubar da ganye ta ɓangarenmu kaɗai.
Ruwan farko na sauka ta huce.

Yanzu in na dawo daga sallar asuba
gilashin nake fara gaisarwa.
Yana nan lafiya.
Amma na san saiwa ba ta da gaggawa,
tana can cikin duhu tana lalube,
tana neman inda kankare ya ƙare.

Jiya na dasa wa 'yata Yalwa mangwaro.
Na ƙirga taku ashirin daga bango,
na tuna Baba, na ƙara biyar.
Ta ce, "Ya yi nisa da ɗaki."
Na ce, ɗauko buta ki ba shi ruwa.
Nisan nan shi zai sa ku daɗe kuna shiri.